Kiɗan Rok a Gaban Suruki

Ni dai duk zaman da na yi a Abuja, wuri ɗaya na taɓa samu wanda zan bugi ƙirji in ce nawa ne ni kaɗai, shi ne cikin motata, tsakanin Karu da sakatariya. Gida na haya ne, ofis na gwamnati ne, ƙarshen mako kuwa na biki ne da suna da 'yan'uwan da suka zo neman aiki. Amma da zarar na ja ƙofar mota na ɗaga gilashi, to babu oga, babu maigidan haya, babu mai cewa in rage ƙara. Kowa yana tsine wa gosulon hanyar nan safe da yamma. Ni ma nakan tsine masa a ofis don kada a ce na fita zakka, amma a raina ina ƙaunarsa, domin a cikinsa nake jin kiɗan rok.

Na'am, rok. Kiɗan Turawan nan masu gashi har kafaɗa, masu dukan jita kamar ta yi musu laifi. Ba sai an gaya mini bai dace da magidanci mai 'ya'ya uku da tabon salla a goshi ba, an gaya mini har na gaji da ji. A jami'a a Zariya na kamu, a hannun abokin ɗakina, wani ɗan Jos mai kwali cike da kaset. Watannin farko har rigima muka yi, na ce ko ya kashe ko in kai shi ƙara. Kafin mu gama aji biyu ni nake tashinsa daga barci da kiɗan. Da aiki ya kawo mu Abuja, shi a wata ma'aikata ni a wata, sai muka ɗora wata al'ada. Duk Disamba, kafin ya tafi gida Kirsimeti, mukan haɗu a ɗaya daga lambunan nan da ake gasa kifi, kowa ya faɗi albam ɗin da ya fi burge shi a shekarar, mu yi ta musu har kifin ya huce. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ni na kafa shi da bakina: ba ka da bakin magana a kan albam sai ka ji shi daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, a zama ɗaya, ba tsallake, kuma da cikakkiyar ƙara.

Samun faifan ma aiki ne. Wanda ake talla a gosulo na jabu ne, an tsinto waƙa daga nan an tsinto daga can an cusa wuri ɗaya. Sai dai a lokacin farar hula sun dawo, man fetur yana tsada a duniya, ko'ina ka duba a gari gini ne ke tashi, kuma kowa a ma'aikatarmu yana tafiya kwas ƙasar waje in ban da ni. Sai in bi mai tafiya har bakin lif ina roƙo. Wata Hajiya a sashenmu ta taɓa kawo mini ɗaya a ƙulle cikin baƙar leda, ta ajiye a teburina da yatsu biyu, ta ce, "Ga saƙonka nan. Na ga hoton da ke jiki, Allah Ya shirye ka."

A shekarar da nake ba da labari, surukina ya zo mana da bazara. Shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi, ba mai tsanani ba, amma ƙafar hagu ta yi nauyi, likita ya ce sai an daɗe ana yi masa gashin ƙafar a asibiti. Tsohon hedimasta ne, dogo, mai tsafta, maganarsa ta yini ba ta cika cokali ba. Uwargidana ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya kamawa, don haka yini a gidanta ya fi masa ciwon nauyi. Ranar gashi in sauke shi a asibiti, ranar da babu gashi in sauke shi a shagon wani ƙaninsa da ke daura da asibitin, da yamma in biya in ɗauko shi. Kullum ke nan, in dai ranar aiki ce.

To ni tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa kuwa sai na kai ƙasa. Yanzu ga shi a kujerar gaba, saboda ƙafar tana son a miƙe ta, gwiwarsa dab da giya, duk sanda zan canja sai na lanƙwashe hannu kada in taɓa shi. Mukan ji labaran safe a rediyo. In sun ƙare in kashe. Daga gadar Karu har mu hau tudun Kugbo ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin carbinsa da masu tallan katin waya suna ƙwanƙwasa gilashi. Wani lokaci ya ce, "Yau akwai jama'a." In ce, "Akwai kam, Baba." Hirar ranar ta ƙare ke nan.

Faya-fayen shekarar kuwa sai suka yi ta isowa kamar da gayya. Na farko na wasu samari ne daga ƙasar sanyi, a bangonsa hoton bishiya ba ganye, yana farawa da ganga ita kaɗai kamar ana buga ƙofa da gaggawa. Na biyu na wata mace ce mai dusasshiyar murya. Na uku na wasu ne da abokina ya rantse a kansu, ni kuwa ban yarda da su ba tukuna. Na huɗu shi ne ya hana ni sukuni. Mutanen da na fara so ne tun a Zariya, waɗanda suka yi faɗa suka watse shekara da shekaru, na riga na haƙura da su, sai ga shi sun shirya sun dawo da furfurarsu. Ranar da aka miƙo mini shi, banɗakin ofis na shiga na ɓare ledarsa, ina shinshina takardar ciki. Burina a shekarar nan bai wuce in ji wannan faifan yadda ya kamata ba, ko da sau ɗaya ne, kafin Disamba.

Amma a ina? Gidan ɗaki biyu ne da falo, Baba yana ɗakin yara, yara suna falo, janaretan maƙwabta yana ruri ta taga. Abin sawa a kunne kuwa ni ba na lissafa shi cikin jin kiɗa, rok da ƙirji ake jinsa. Na taɓa gwada zama cikin mota a tsakar gida wata Asabar da hantsi, ban kai ƙarshen waƙar farko ba uwargida ta ƙwanƙwasa gilashi. "Oga, lafiya? Baba yana tambayar yara ko faɗa muka yi." Na kashe na bi ta ciki.

Abin da ya rage mini shi ne ɗan tsakanin ƙofar asibiti da wurin ajiye motocin ma'aikata. Ka kuwa san titunan tsakiyar Abuja, faffaɗa, sumul, ba rami ba ɗan talla. Inda nake roƙon gosulo nan ne babu shi. Waƙar farko da rabin ta biyu, sai ga ƙofar ma'aikata da maigadi yana ɗaga mini hannu. Washegari kuma, saboda sharaɗin da na ɗaura wa kaina, ba zan ɗora daga inda na tsaya ba, sai in koma farko. Wata da watanni ina haka. Na haddace waƙar farko ta kowane faifai har inda mawaƙin ke jan numfashi, amma ka tambaye ni me ke cikin ta uku, wallahi ban sani ba. Na gwada zagaya sakatariya kafin in shiga, sai darakta ya hango ni daga motarsa, ya tambaye ni a tsakiyar mitin, gaban kowa, ko hanyar ofis ce ta ɓace mini.

Na gaji a shekarar nan, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ban taɓa jin haushin tsohon ba, Allah Ya sani, mutum ne da ko ruwan sha ba ya roƙa. Haushin kawai nake ji ba tare da wanda zan ɗora wa ba. Da can nakan sauke haushin a kan direbobin bas masu kutsowa gabana, to yanzu shi ma sai a zuci, don ba a zagi a gaban suruki.

Wata safiya, damina ta yi nisa, na sauke shi a ƙofar asibiti, ashe ya bar sandarsa a gefen kujera. Ban lura ba. Yana juya baya na danna faifan dattawan nan, na murɗa ƙara har ƙarshe, ina jiran wata motar marasa lafiya ta ba ni hanya. Idona a rufe, kaina yana sama yana ƙasa, ina dukan sitiyari da hannu biyu, ina zaton ma bakina a buɗe yake ina taya mawaƙin ihu. Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Da na buɗe ido sai ga fuskarsa a jikin gilashi, ya dafa motar da hannu ɗaya, yana nuna sandar da ɗayan. Innalillahi! Na kai hannu in kashe, na kunna abin share gilashi. Na sake kai hannu, na kunna fitila. Da ƙyar na samu abin ya yi shiru. Na fito na zagaya na miƙa masa sandar a durƙushe. Ya karɓa ya ce, "Madalla," ya juya ya shiga.

Da yamma na ɗauko shi ina ta fatan ya ɗauka rediyon ce ta lalace. Washegari labarai suna ƙarewa na kashe, sai ya gyara murya.

"Malam, kunna abin nan naka."

"Wanne, Baba?"

"Na jiya."

"A'a, Baba, ai ba wani abu ba ne. Shirme ne kawai irin na yarinta."

"Motarka ce," in ji shi, yana kallon gaba. "Na shigo na zaune maka wata da watanni, ka yi shiru. Ni ban san na tare maka wani abu ba. Kunna."

Na rantse, na sake rantsewa ba na bukata. Sai ya ce, "In ba ka kunna ba, gobe bas zan hau." Mutumin da ke jan ƙafa, a bas ɗin Karu da ake shiga ta taga in an ga dama! Na kunna.

Na sa ƙarar a inda tari ɗaya zai iya rufe ta. Wanda bai san rok ba ba zai gane girman ɓarnar ba. Gangar da ke dukan ƙirji ta koma kamar ana ƙwanƙwasa tebur da biro, jita ta koma kukan sauro. A ranar ne na wuce rabin waƙa ta biyu karo na farko. Wata tirela ta faɗi a Kugbo, hanya ta toshe, muka ji faifan tun daga farko har ƙarshe. Sai dai ba da kunnena na ji shi ba, da kunnen Baba na ji. Duk ihun da aka yi sai in ji kamar ni na yi shi a gabansa. Ga shi hedimasta, Turanci ba ya ɓuya masa, ni kuma ban san abin da ke tafe a waƙoƙin ba balle in yi shiri. Can a tsakiyar wata waƙa mawaƙin ya lailayo ashar ya dire, tar da ita, duk da ƙarancin ƙarar. Na danna hon ba tare da kowa ya tare ni ba. Baba ya yi tari. Muka ci gaba da kallon bayan motar da ke gabanmu. Rigata ta jiƙe sharkaf, ga shi kuwa na'urar sanyi a kunne take.

Da aka zo wata waƙa mai sanyi ya ce, "Yauwa, ya huce." Da faifan ya ƙare ya ce, "Yara ne?"

"A'a, Baba, sun manyanta. Wasunsu sun yi jika."

Ya ja carbi. "To, sannunsu da aiki."

Na ɗauka an gama, ashe farawa aka yi. Washegari labarai suna ƙarewa ya ce, "Yau su wa za mu ji?" Jibi ma haka, da safe da yamma. Duk huɗun sai da muka ji su, muka sake ji, muka kuma maimaita. Har ya raɗa musu suna: masu buga ƙofa, dattawa, 'yan hayaniya, da yarinyar nan mai mura. Ita ya fi so, ya ce ta fi su hankali, wata rana ma ya ce da za a samu mai ba ta zuma da citta da muryar ta washe. Ni kuwa in ce, "Haka ne, Baba," ina riƙe da sitiyari kamar mai jiran hukunci.

Wata yamma na shiga kicin shan ruwa, na tarar da uwargida tana ɓallo maganin ciwon kai.

"Wa ba shi da lafiya?"

Ta leƙa falo, ta rage murya. "Baba. Kullum kuka dawo sai ya sha. Ya ce kada in gaya maka."

"To ai shi ke nan, daga gobe na daina."

"Kul! Ka daina ya gane ni na faɗa? Shi fa murna yake yi, gani yake ya mayar maka da abinka."

"Ni kuma wa ya ce miki daɗi nake ji?"

"To ka gaya masa mana."

Ta san ba zan iya ba. Ta ɗauki kofin ruwa ta fita ta bar ni a tsaye. Haka muka ƙarasa shekarar, shi yana jure ciwon kai domina, ni ina jure kiɗana dominsa, ba wanda ya isa ya fara cewa a daina.

Disamba ta zo, muka haɗu da abokina a lambu. Ya zo da zafinsa, tun kafin a kawo kifi ya ce dattawan nan ne suka cinye shekarar, babu musu. "Wurin nan da jita biyu suke kokawa, wajen ƙarshe, ka ji shi? Saura kaɗan in buga wa wani mota!" Na san wurin sarai, nan ne Baba yakan gyara hula ya juya yana kallon taga. Da aka kawo kifin ya ce in faɗi nawa. Na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa na macen ya fi hankali.

Ya ajiye kifin ya dube ni. "Hankali? Kai, yaushe muka fara neman hankali a rok?"

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da hawaye, har mutanen teburin kusa suna waigowa. Da ya share ido sai ya ce, bisa sharaɗina, ban ji ko ɗaya ba, don haka bana ba ni da bakin magana. Gaskiya ya faɗa. Na ci kifina na saurare shi yana ba ni labarin faya-fayen da na san kowace gaɓa tasu.

Ana gab da Babbar Salla likita ya sallami Baba. Ƙafar ta saki, sandar ma don ado yake riƙe ta. Na kai shi tasha, na sa masa kaya a but, na durƙusa. Ya sa mini albarka mai tsawo, ban taɓa jin ya yi magana mai tsawonta ba, ya ce ɗan da ya haifa ma iyakar abin da zai yi masa ke nan. Idona ya ciko. Har ya sa ƙafa a mota sai ya waigo, karo na farko ya dube ni ido cikin ido, ya ce, "Yanzu sai ka buɗe musu murya." Ashe duk tsawon lokacin nan ya san a shaƙe nake sa su.

Ranar farko da aka koma aiki bayan Salla, gosulo ya cika maƙil tun daga gadar Karu, irin wanda na yi shekara ina mafarkinsa. Ba kowa a motar sai ni. Na sa faifan dattawan, na yi bisimilla kamar mai shirin cin abinci, na murɗa ƙara har ƙarshe. Ganga ta shigo ta daki ƙirjina yadda na san ta, na ce alhamdulillahi, yau dai Allah Ya yi. Mawaƙin yana buɗe baki sai kunya ta rufe ni, kunya sosai, irin mai sa kunne zafi. Na ce wa kaina a fili, "Kai, ba kowa fa." Na daure na cije, na kai ƙarshen waƙar farko ina zufa. A ta biyu na rage kaɗan, na ce in hanya ta buɗe zan ƙara. A ta uku na sake ragewa. Kafin in hau tudun Kugbo ƙarar ta koma daidai inda Baba yake iya jurewa, kuma sai a nan kafaɗuna suka sauka na iya jingina da kujera.

Wallahi na ji baƙin ciki, har sai da na kifa kai a kan sitiyari, na baya yana ta danna mini hon. Na ɗago na ja mota. A haka na ji faifan har ƙarshe, a shaƙe, ni kaɗai, kuma duk gwajin da na yi bayan nan ban taɓa iya wuce waƙar farko da cikakkiyar ƙara ba.